Foklif na gas ko na batir? Amsa ga mai sito a Dawanau

Wani Alhaji mai sana'ar riɗi da zoɓo a kasuwar Dawanau ya aiko mini da tambaya. Ya ce ya gina sabon sito, kuɗin 'yan dako kullum ƙaruwa yake, ga tirela sai ta wuni ba a gama sauke ta ba. An yi masa tallar foklif, wato injin ɗaga kaya mai yatsun ƙarfe biyu a gaba, ɗan Beljiyam mai tan 3 mai amfani da gas (dizal), wani abokinsa kuma ya ce masa gara ya sayi sabo na batir ɗan Sin. Ya ƙara da cewa idan kakar riɗi ta wuce, taki yake ajiyewa a wurin. Wanne zai saya?

Alhaji, Allah ya sanya albarka a sabon sito. Zan zo kan gas da batir, amma ka yi haƙuri sai na bi da kai ta wata hanya tukuna, domin akwai tambayoyin da suka riga wannan, kuma dillali ba zai taɓa yi maka su ba. Shi burinsa ƙarfen ya bar hannunsa.

Ta farko: yaya kayanka suke zuwa, kuma yaya suke fita? Foklif ba ya ɗaukar buhu. Abin da yake ɗauka shi ne falet, wato katakon nan da ake jera kaya a kai, mai ƙofofi a ƙasa inda yatsun ƙarfen suke shiga. Tirelar da ta taso daga Jigawa ko Binuwai da buhunan riɗi, a zube take zuwa, buhu kan buhu. Dole hannun mutum ne zai sauke kowane buhu ya ɗora a falet kafin inji ya samu abin yi. Ranar lodin kwantena ma haka ne. Masu fitar da riɗi ba sa sanya falet a ciki, saboda yana cin wuri. Kwantena mai ƙafa 20 tana ɗaukar wajen tan 19 na riɗi, buhu 380 ke nan masu kilo 50, kuma da hannu ake jera su har sama. Wanda ma ya so ya tura da falet ɗin katako ƙasar waje, sai katakon ya zama gasasshe mai hatimin ƙa'idar ISPM 15, wadda ta ce a ɗumama tsakiyar katakon zuwa digiri 56 na tsawon minti 30 don kashe ƙwari. Ka ga ke nan 'yan dako suna nan a shiga, suna nan a fita. Abin da foklif zai rage maka shi ne tafiyar da ke tsakani: daga bakin mota zuwa ƙuryar sito, daga tari zuwa injin tacewa, da kuma ɗaga kaya sama.

Sannan falet ɗin da kansa kuɗi ne da mutane ba sa lissafawa. Wanda aka fi amfani da shi mita 1.2 ne a mita 1, yana ɗaukar buhu biyar a kowane layi, layi shida ya ba ka buhu 30, tan ɗaya da rabi. Tirela mai buhu 600 falet 20 take ci. Idan sitonka na tan 1,000 ne, kana maganar falet sama da 650. Je wurin kafinta ka ji kuɗin guda ɗaya na katako mai ƙwari, ka ninka, sai ka haɗa da kuɗin injin. Nan ne yawancin mutane suke yin shiru.

Ta biyu ita ce daɓen ƙasa, kuma a nan zan ɗan jima, domin a nan na fi ganin asara. Mutane suna jin "tan 3" sai su ɗauka nauyin ke nan. A'a, tan 3 abin da yake ɗagawa ne. Shi kansa injin ya haura tan 4, saboda dunƙulen ƙarfen da ke bayansa wanda yake hana shi kifewa. In ya ɗauki cikakken kaya an tashi sama da tan 7, kuma kusan kashi 90 cikin ɗari na wannan nauyin kan tayoyin gaba biyu yake sauka, a wurin da bai fi tafin hannu biyu ba kowace taya. Daɓen da aka yi don buhu da ƙafar mutum, wanda aka watsa siminti inci biyu a kan cikon da ba a danne ba, ba zai yi wata guda ba. Na taɓa zuwa wani sito a Sharaɗa inda aka kira ni wai injin ne yake ɓarin kaya. Da na shiga sai na ga layi biyu a ƙasa tun daga ƙofa har ƙurya, kamar sawun amalanke a hanyar gona, simintin ya dagargaje ya koma tsakuwa. Direban yana tafe kayan suna rawa, buhu na faɗowa. Injin lafiyarsa ƙalau. Sai da aka kwashe sito gaba ɗaya aka sake zuba kankare, a tsakiyar kaka. Abin da ake so shi ne kankare mai rodi, kaurin santimita 15 zuwa 20, a kan cikon da aka danne da inji. Ka kira wanda ya yi maka ginin ka tambaye shi nawa ya zuba. In ya fara kame-kame, a fasa gefe guda a auna, gani ya kori ji.

Daga nan sai tef ɗin awo. Auna tsayin ƙofa da faɗinta, auna daga ƙasa zuwa ƙarfen rufi mafi sauko, ba tsakiyar rufin ba. Foklif irin wanda aka yi maka talla yana son lungu mai faɗin mita 4 ko kusa da haka kafin ya juya da falet ya ajiye. Wannan fili ne da a da buhu kake tarawa a ciki. Akwai siririn na batir da ake yi don lungunan shantoci, wanda yake juyawa a ƙasa da mita 3 kuma yake kai kaya sama sosai, amma shi ɗan gata ne, sai daɓe mai santsi kamar faranti, ba ya fita tsakar gida. Na kamfanonin lemo da magunguna ne, ba na Dawanau ba.

In kana so inji ya shiga cikin kwantena, akwai abu uku. Ƙofar kwantena ta gama-gari tsayinta mita 2.28 ne, doguwar kuma, irin wadda ake loda zoɓo a ciki, mita 2.58. Tsanin ƙarfen da ke gaban foklif, wanda yatsun suke hawa a kai, iri-iri ne. Mai hawa biyu na gama-gari, da ka ɗaga kaya kaɗan sai kansa ya fara miƙewa sama, ya daki rufin kwantena. Wanda ake so shi ne mai hawa uku, wanda yatsunsa suke tashi sama da mita ɗaya kafin tsanin ya motsa. Sai maganar hawa: kwantena tana kan tirela, bakinta ya fi mita ɗaya daga ƙasa. In ba ka gina dakalin lodi daidai tsayin mota ba, ko ka sayi gadar ƙarfe mai gangara, injin ba shi da hanyar shiga. Na uku, katakon ƙasan kwantena yana da iyaka. Da yawa daga cikinsu an gwada su ne a kan kilo 5,460 a gatari ɗaya, wato nauyin da ke kan tayoyin gaba biyu na foklif, kuma mai tan 3 da cikakken kaya ya zarce haka. Da falet mai tan ɗaya da rabi babu matsala.

Akwai kuma wani abu game da "tan 3" ɗin da ya kamata kowane mai inji ya sani. A jikin kowane foklif akwai ƙaramin allon ƙarfe da kamfani ya liƙa, kusa da kujerar direba. Za ka ga an rubuta kilo 3,000, a gefensa kuma 500. Ma'anarsa, zai ɗaga tan 3 ne idan tsakiyar nauyin kayan tana milimita 500 daga gindin yatsu, wato rabin mita. Abin kamar sikelin mai nama ne, tayar gaba ita ce tsakiya, kaya a gefe guda, dunƙulen baya a ɗaya gefen. Duk yadda kaya suka matsa gaba, ƙarfinsa raguwa yake. In tsakiyar ta koma santimita 75, abin da zai ɗauka lafiya bai kai tan 2 da rabi ba. In aka ɗaga can ƙololuwa ya sake raguwa. In aka ƙara masa wani ƙarfe a gaba, kamar matsen ɗaukar dilar zoɓo, ya sake raguwa. Shi ya sa duk lokacin da ka ga an sa ƙarti biyu sun ɗare bayan foklif don kada ya ɗaga ƙafa, to ka san ana wasa da rai. Injin da babu wannan allon a jikinsa, ko aka shafe shi da fenti, ni ba na sayensa ko da kyauta ake rabo.

To, yanzu gas ko batir.

Na batir abu ne mai kyau. Ba hayaƙi, ba ƙara, ba bakin mai, ba lagireto, kayan da suke lalacewa a jikinsa kaɗan ne. A ɗakin da ake ajiye abinci ya fi dacewa nesa ba kusa ba, domin riɗi mai ne da shi, yana kama wari, kuma mai saye daga Japan ko Turkiyya ba ya wasa da wannan. Matsalarsa wuta. Mai tan 3 yawanci batirin bolt 80 yake da shi, cajarsa tana son wuta mai layi uku. In batirin ruwa ne, tsarinsa awa takwas aiki, awa takwas caji, sannan ya huce. Yana son a riƙa ƙara masa tataccen ruwan batir, ba na burtsatse ba, kuma yana fitar da iska mai kama wuta lokacin caji, don haka ba a cajinsa a rufaffen ɗaki. Zafin Afrilu yana rage masa kwana. Idan an kula da shi yakan yi caji wajen 1,500, kusan shekara biyar, in ya mutu kuma kuɗin sabo yana iya sa mutum ya jingine injin gaba ɗaya. Na litiyam ya fi sauƙin sha'ani, ana iya soka shi a caji lokacin sallar azahar a cire, ba ruwansa da ƙarin ruwa, sai dai tsada. Tambayar da za ka yi wa kanka: awa nawa kake samun wuta mai ƙarfi a layinka da dare? In janareta za ka tayar ya kwana yana caji, an gudu ba a tsira ba, gas ɗin da ka ƙi zubawa a foklif ka zuba shi a janareta. In kana da babbar sola da aka yi don injin tacewa, to lissafi ya canza.

Sai dai maganar taki da ka yi ita ta fi damuna. Yuriya da NPK suna jan laima, ƙurarsu tana cin ƙarfe kamar gara. Tana shiga sarƙa, tana shiga mahaɗar wayoyi. Injin gas zai yi tsatsa ya ci gaba da aiki in ana wanke shi ana shafa giris. Na batir kuwa, ƙwaƙwalwarsa ce take tafiya, kuma mai gyaran ta ba a kowace unguwa yake ba. Ban da haka ma, tunda ka kawo zancen, sitonka na riɗin fitarwa bai kamata ya zama sitonka na taki ba. In babu yadda za a yi, a raba da bango, kowanne da ƙofarsa da falet ɗinsa.

Na gas shi ne jakin aiki. Yana shiga tsakar gida, yana hawa gangara, yana shan wajen lita 3 a awa gwargwadon aiki, kuma makanikin manyan motoci zai iya buɗe injinsa. Laifinsa hayaƙi. A sito mai manyan ƙofofi biyu da iska take ratsawa ana iya haƙuri da shi na shiga da fita. A rufaffen wuri ko cikin kwantena na tsawon lokaci, yana cutar da direba da masu jera kaya. Tsakaninsu akwai mai tukunyar gas ɗin girki a bayansa, hayaƙinsa ya fi sauƙi, ana canza tukunya cikin minti biyar, amma shi ma yana fitar da iskar nan mai kisa da ba ta da wari, don haka yana son wuri a buɗe.

Batun ɗan Beljiyam da sabon ɗan Sin kuwa, ni ba sunan ƙasa nake dubawa ba, kasuwar kayan gyara nake dubawa. Toyota, Komatsu, Mitsubishi, Hyster da Linde duk sanannu ne. Heli da Hangcha su ne manyan Sin, kuma da yawa daga masu tan 3 ɗinsu injin Xinchai ko Isuzu ne a ciki, wanda kayansa ba sa wahalar samu. Linde tuƙinsa na mai ne mai matsi, daɗin aiki gare shi, amma ranar da famfon ya samu matsala sai ƙwararre. Kafin ka biya ko sisi, ɗauki lambar samfurin ka ba makanikinka ya nemo maka kuɗin abu huɗu: famfon haidirolik, silin silinda, kayan birki, da matatar iska. In ya kwana uku bai samo ba, ka samu amsarka.

In za ka je duba na hannu, ka je da sassafe, ka ce kada a tayar kafin ka zo, ka taɓa injin ka ji sanyinsa. Inji mai zafi yana ɓoye ciwo. Dubi hayaƙin tashin farko, shuɗi na nufin yana shan bakin mai. Agogon awa kada ka yarda da shi shi kaɗai, ana canza shi. Injin da yake aikin wuni kullum yana yin wajen awa 2,000 a shekara, injin da ya haura 10,000 ya ga jiya. Dubi robar feda da sitiyari, su ba sa ƙarya. Sa a ɗora masa kaya na gaske, a ɗaga sama, a kashe inji, ku yi hira minti goma. In kayan sun sauko ko tsanin ya sunkuya gaba, silinda tana yoyo ta ciki. Auna kaurin yatsu a dunduniya, inda suke gogar ƙasa, ka gwada da kaurin bayansu da ba ya goguwa. In kashi 10 cikin ɗari ya cinye, ƙarfin ɗaukarsu ya ragu da kashi 20, sai canji, kuma yatsun foklif ba a yi musu walda. Sarƙar ɗagawa in ta miƙe da kashi 3 cikin ɗari ta gama aiki. Taya kuma, a wurin da ƙusoshin falet suke zube, ta roba zalla wadda ba ta da iska ta fi kwanciyar hankali, ko da yake ta fi girgiza a kan burji.

Da ni ne kai, ga yadda zan yi. Ba foklif zan fara saya ba. Injin bel mai hawa da buhu zan fara saya, irin mai tayoyi da ake turawa, tsawon mita 8 zuwa 10, wanda ake ɗaga kansa da saukewa. Ƙaramin injin lantarki ne yake juya shi, ƙaramin janareta yana jan sa, ba ya son falet, ba ya fasa daɓe. Mutum biyu suna ɗorawa a ƙasa, biyu suna karɓa a saman tari. Wahalar da ta fi cin 'yan dako, wato hawa tsanin buhuna da kilo 100 a wuya, ta kau, kuma nan ne lokaci yake tafiya. Zan haɗa da jak ɗin hannu guda biyu, wato keken ɗaga falet da ake ja da hannu, masu tan 2 da rabi, da falet kamar 40 don zirga-zirga tsakanin tari da injin tacewa, in daɓen wurin yana da santsi. Sannan a tsakiyar kaka, lokacin da motoci suka yi layi, in ɗauko hayar foklif na mako biyu da direbansa, in sa yaro ya riƙa rubuta awa nawa ya yi aiki kowace rana da tan nawa ya motsa. In ya kama yana aikin awa biyar ko shida kullum, saye ya halatta, kuma a yanayinka mai tan 3 na gas zan ɗauka, mai tsani hawa uku, mai matsar da yatsu hagu da dama. In awa biyu ce a rana na wata huɗu a shekara, haya ta fi, kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba.

Su kuma 'yan dako, ka zauna da shugabansu tun kafin inji ya iso. Za ka ci gaba da bukatarsu, kuma mutumin da ya ga an kawo abin da zai cinye masa abinci ba zai taya ka kula da shi ba. Ka zaɓi mai natsuwa a cikinsu ko biyu a koya musu tuƙi a wurin masu horarwa. Iya tuƙin mota daban, wannan daban, domin shi da tayar baya yake juyawa, gindinsa yana shara waje ya matse mutum da bango. Ana tafiya da kaya a ƙasa-ƙasa, tazarar taƙi ɗaya daga daɓe, ba a juyawa da kaya a sama, a gangara kaya suna fuskantar tudu ko hawa ake ko sauka, ba a ɗaukar fasinja, ba a ɗaga mutum a kan yatsu don ya canza ƙwan fitila. In ya tashi kifewa kada direba ya yi tsalle, ya riƙe sitiyari ya tokare ƙafa, domin rumfar ƙarfen ce take danne masu tsalle. Da hunturu kuma a riƙa busa matatar iska da lagireto kowace safiya, ƙurar Dawanau da ƙaiƙayin riɗi suna toshe su cikin kwana biyu.

Ranar da za ka sauke injin tacewa ko babban janareta, kada a ɗaura igiya a yatsun foklif a ce a gwada. Ɗauko hayar mota mai ƙugiya na wuni ɗaya. In kuma abin ɗagawa na dindindin kake so a ɗakin inji, cenbulok, wato abin ɗaga kaya mai sarƙa da ake ratayewa a sama, mai tan 2 a kan ƙarfen da injiniya ya lissafa ya isa, ba a kan ƙarfen rufi ba. Kowace sarƙa da majanyin ɗagawa da nauyinsu a rubuce, kuma in aka buɗe ƙafafun majanyi biyu sosai har kusurwar da ke tsakaninsu ta kai digiri 120, kowace ƙafa nauyin kayan gaba ɗaya take ɗauke da shi, ba rabi ba.

Ta fuskar hukuma, Dokar Masana'antu ta Najeriya ta ce sarƙoƙi da igiyoyin ɗaga kaya a riƙa duba su duk wata shida, kuma akwai ƙa'idojin kayan ɗagawa na 2018 a ƙarƙashin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 kuma ta ɗora wa mai aiki biyan kashi ɗaya cikin ɗari na albashin ma'aikatansa ga NSITF, hukumar da ke kula da asusun diyyar ma'aikata. Ka buɗe littafi guda na injin, a riƙa rubuta ranar juye, ranar dubawa da abin da aka canza.

Ka turo mini tsayi da faɗin ƙofa, tsayin ƙarfen rufi, kaurin daɓe, da yawan motocin da kake saukewa a ranar da aiki ya fi yawa a Disamba. In akwai hali, a haɗo da hoton allon ƙarfen nan na jikin ɗan Beljiyam ɗin, da hoton dunduniyar yatsunsa daga gefe.